Kiɗan rawa a wurin tuna mamatan yaƙi: girmamawa ce ko shagali?

Baban Ilham:
Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya ɗaure mini kai, na ce bari in kawo shi nan. Bidiyon bikin cika shekara 80 da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Nomandi ta Faransa, a yaƙin duniya na biyu, na kalla, wanda aka yi a watan Yunin 2024. Da rana an taru a maƙabartar sojojin Amurka, kaburbura sama da 9,000 jere reras, shugabanni sun sunkuyar da kai, tsofaffin sojoji a keken guragu suna share ƙwalla. Da dare kuma sai ga dandalin wani gari an jera makaɗa kusan ashirin, ƙahoni na tashi, samari da 'yan mata sun yi shigar mutanen 1944 suna tiƙar rawa, har ana ɗaga mace sama ana cafewa. Wai duk don girmama waɗanda suka faɗi ne. Ta yaya rawa ke zama ta'aziyya? Ni dai ban ga haɗin kifi da kaska ba.

Auta:
Yaya, Turawa ne fa. Su ko mutuwa sai sun yanka mata tikiti.

Saje Mai Begila:
Wa alaikumus salam. Auta, yi a hankali. Na yi aikin badujala har na yi ritaya, bari in ɗan sa baki. Abu biyu Baban Ilham ya gani, kuma kowanne da gurbinsa. Na maƙabarta begila ɗaya ce tal, mutum ɗaya ke busawa, kowa ya ƙame. Wannan mu ma muna yi. A garin Ypres na Beljiyam tun 1928 ake busa ta kullum da ƙarfe takwas na dare, in ban da shekarun da Jamus ta mamaye garin. Na daren kuwa shi ake kira suwing, kiɗan da yaran da ke kwance a kaburburan nan suka tashi da shi. Akasarinsu 'yan shekara goma sha tara ne zuwa ashirin da 'yan kai. Ba taken fareti suke saurara a ɗakunansu ba, wannan suke ji a rediyo, da shi suka yi zance, da shi wasu suka yi rawar ƙarshe kafin a loda su a jirgin ruwa.

Tsarinsa ma abin kallo ne. Cikakkiyar ƙungiya takan kai mutum goma sha bakwai: masu ƙaho huɗu ko biyar a baya, masu turombon huɗu a tsakiya, wato dogon ƙahon nan da ake ja ana turawa, masu saksofon biyar a gaba, sai mai ganga, mai fiyano, mai jita da mai babban gurmin da ake kaɗawa a tsaye. Sashe ɗaya ya jefa, ɗayan ya cafe, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. In ka taɓa tsayawa gaban ƙaho takwas suna busa lokaci guda, a ƙirji kake jin abin, ba a kunne ba.

Baban Ilham:
Ranka ya daɗe Saje, na ji. Amma don mutum yana son abu yana raye, shi ke nan sai a yi ta yi bayan ya mutu? Kakana yana son dambe, ba mu taɓa shirya dambe ranar addu'arsa ba.

Maman Sadiq:
Baban Ilham, akwai dalilin da ya sa wannan kiɗa musamman ya manne da mamatan yaƙin duniya na biyu, kuma dalilin mutum ɗaya ne, Glenn Miller. A 1942 babu makaɗin da ya kai shi kasuwa a Amurka. A farkon shekarar aka ba shi faifan zinariya, irinsa na farko, saboda wani faifansa ya haura miliyan a ciniki. Shekararsa 38, kuma ba a ɗebe shi soja dole ba. Ya nemi shiga sojan ruwa suka ƙi shi, ya koma sojan ƙasa suka karɓe shi da muƙamin kyaftin. A watan Satumba ya sallami ƙungiyarsa da ke kawo masa kuɗi kamar ƙasa, ya sa kaki.

A cikin soja ya haɗa wata ƙungiyar ta makaɗa sama da arba'in, har da masu goge. Tsofaffin hafsoshi ba su so ba, don ya riƙa cusa salon bulus, kiɗan baƙaƙen Amurka, cikin kiɗan maci. A watan Yunin 1944 suka iso Landan, lokacin da Jamus ke ruwan bama-baman nan masu tashi da kansu. Miller ya matsa a kwashe yaransa zuwa Bedford. Sun bar unguwar da aka sauke su ranar 2 ga Yuli, washegari bam ya faɗa titin, ya kashe sojojin Amurka fiye da sittin. Daga Bedford suka riƙa zagaya sansanonin jiragen yaƙi da asibitoci, suna kiɗa a rumfunan ajiye jirage, matuƙa zaune a kan fukafukai. Da yawa daga cikin masu sauraron nan kwana kaɗan bayan haka aka harbo su a sararin Jamus.

Ranar 15 ga Disamba 1944, yana manjo, ya hau wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya daga filin Twinwood zai tafi Paris ya shirya wa ƙungiyar masauki. Su uku ne a ciki, ga hazo ga sanyi. Jirgin bai isa ba, kuma har yau ba a ga ko ɓallinsa ba. Washegari Jamus ta kai babban harinta na dajin Ardennes, hankalin kowa ya koma can, sai ranar jajibirin Kirsimeti aka sanar da ɓatansa. Ƙungiyar ta yi wasan Kirsimeti a Paris ba shi. To kun ga, mai kiɗan da kansa yana cikin mamatan. Ba wani ne ya zo daga baya ya liƙa musu kiɗan ba.

Auta:
Anti, na ji an ce 'yan uwansa ne suka harbo shi. Wasu ma sun ce leƙen asiri aka tura shi.

Maman Sadiq:
Zancen leƙen asiri shaci-faɗi ne. Wanda aka fi tattaunawa shi ne cewa jiragen Ingila da suka fasa kai hari sun zubar da bama-bamansu a teku, ɗaya ya same shi. Masu bin takardun soja sun fi karkata ga cewa ƙanƙara ce ta toshe hanyar man injin, matsalar da aka san irin jirgin da ita, ga shi suna tafiya ƙasa-ƙasa a kan ruwa.

Bakano a Turai:
Ina zaune ba nisa da Bedford, kuma na je wuraren nan biyu. A maƙabartar Amurkawa ta Madingley, kusa da Kambirij, akwai doguwar katanga ta farin dutse mai sunaye sama da 5,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba. Sunansa na nan, Alton G. Miller, da girman harafi ɗaya da na kowa. In ba ka san abin da kake nema ba sai ka wuce shi.

Shi kuma filin Twinwood, hasumiyar da ke kula da tashin jirage ta zama gidan tarihi, kuma duk ƙarshen watan Agusta ana biki a wurin. Zan faɗi abin da idona ya gani. Akwai wata tsohuwa a gefena, ta haura casa'in, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo, ta maƙala lambobin yabo a ƙirjinta na dama. A al'adarsu, wanda ya ci lambar da kansa a hagu yake sawa, dangin mamaci a dama. Duk hayaniyar da ake ba ta motsa ba. Da aka sako wani mai taushi, inda kilarinet, wata irin sarewa, ke jan gaba saksofon huɗu na bin ta a ƙasa, sai na ga yatsunta na bin kiɗan a kan bargon, leɓenta na motsi. Jikarta ta durƙusa ta riƙe mata ɗaya hannun. Ban tambaye su ko wa suka rasa ba, ba hurumina ba ne.

Amma kuma Baban Ilham da Auta ba su yi ƙarya ba. Taku ashirin daga wurinta ana sayar da giya da tsofaffin kakin soja, wani ƙato da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba ya sha anini a kafaɗa yana ɗaukar hoto da motar jif. Duka biyun a fili ɗaya suke.

Almajirin Malam:
Allah ya saka da alheri. Ni abin da zan ce gajere ne. Mamaci ba ya amfana da busa, abin da ke isa gare shi addu'a ce da sadaka. Su al'adarsu ce, ba mu hana su ba, amma kada mu yi sha'awar abin har mu ce za mu kwaikwaya.

Saje Mai Begila:
Allah ya gafarta Malam, babu mai jayayya da wannan. Mu ma ranar 15 ga Janairu, ranar tuna mazan jiya a Najeriya, kafin a je ajiye furanni da sakin tattabaru, sai an yi addu'a a masallacin Juma'a da coci. Kiɗan ba domin na kwance ake yi ba, su ma Turawan sun sani. Domin na tsaye ne, musamman yaron da aka haifa shekara sittin bayan yaƙi. Ka nuna masa farin dutse da suna, zai gyaɗa kai ya wuce. Ka sa shi ya yi rawar da mai sunan ya yi, sai ya gane cewa sa'ansa ne aka kashe.

Almajirin Malam:
Ko kuma ya ji daɗin rawar ya manta da mai sunan gaba ɗaya.

Saje Mai Begila:
Wannan ma yana faruwa, ban musa ba.

Maman Sadiq:
Ni inda abin ke yi mini ciwo daban ne. Wannan kiɗa baƙaƙen Amurka ne suka ƙirƙire shi. Fletcher Henderson ne ya shimfiɗa tsarin jefawa da cafewar da Saje ya bayyana, har Benny Goodman ya sayi rubuce-rubucensa ya yi suna da su. Ga Duke Ellington, ga Count Basie. Amma rundunar Amurka a lokacin a rabe take, baƙi daban fari daban, sai 1948 shugaba Truman ya sa hannu a kan dokar haɗe su. Ƙungiyar Miller ta soja babu baƙi ko ɗaya. Lester Young, gwanin saksofon na ƙungiyar Basie, an ɗebe shi soja a 1944, ba a ba shi ƙaho ba, ƙarshe ma a gidan yarin soja ya ƙare. Yau in aka ce kiɗan tuna mazan jiya, fuskar da ake ɗagawa ta Miller ce kusan kullum.

Kuma ba shi kaɗai ne makaɗin da yaƙin ya ci ba. Ranar 8 ga Maris 1941 bam ya ratsa rufi ya faɗa gidan rawar Café de Paris a Landan, ana tsakiyar wasa. Shugaban makaɗan, Ken Johnson, baƙar fata ɗan Guyana mai shekara 26, nan take ya mutu, tare da mutum sama da talatin, ciki har da sojojin da suka zo hutu. Ƙungiyarsa ta 'yan Karibiyan ce ke kan gaba a suwing a Ingila lokacin. Mutum nawa a cikinmu suka taɓa jin sunansa?

Auta:
Ni dai yau na fara ji. Amma Anti, su Hitila ba sa jin kiɗan ne?

Maman Sadiq:
Sun haramta jaz, wanda suwing reshensa ne, a rediyonsu tun 1935, suna ce masa kiɗan baƙaƙe da Yahudawa. Matasan Hambug da suka nace da sauraronsa a ɓoye, a 1941 an kama sama da 300, wasu aka kai su sansanonin gwale-gwale. Abin dariya, ma'aikatar farfagandar Goebbels, ministan Hitila, ta kafa tata ƙungiyar suwing tana watsa wa Ingila da Turanci. Shi ma Miller, makonni kafin ya ɓata, ya naɗi shirye-shirye da Jamusanci domin sojojin Jamus. Kowane ɓangare ya san kiɗan makami ne.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta taɓo inda nake jira. Ku duba kwanan wata. Miller ya ɓata 15 ga Disamba 1944. Mako biyu kafin nan, ranar 1 ga Disamba, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wa baƙaƙen sojojinsu wuta. Mutanen da suka yi wa Faransa yaƙi ne, Jamus ta tsare su shekaru a matsayin fursunoni, suka dawo suna neman haƙƙinsu na albashi. Hukuma ta ce 35 suka mutu, daga baya aka ce 70, masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Sunan "'yan Sanagal" kawai aka ba rundunar, amma daga duk yankin aka kwaso su, har da ƙasarmu. 'Yan rundunar na cikin waɗanda suka sauka a kudancin Faransa a watan Agustan 1944, da sanyi ya ƙarato aka janye su aka ba fararen 'yan sa-kai kakinsu da bindigoginsu. Rawar da aka yi a Paris ta murnar 'yanci ba da su aka yi ba. Saboda haka in na ga bikin nan na Nomandi, ba rawar ke damuna ba. Waɗanda ba a gayyata ba nake tunawa.

Ɗan Zongo:
Gaisuwa daga Nima, a Ankara babban birnin Gana. Kada ku ɗauka kiɗan nan bai taka ƙasarmu ba. Lokacin yaƙi ana sauke jirage a Takoradi a harhaɗa su, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Njamena ta yau) da Khartum zuwa Masar. Ankara ta cika da sojojin Ingila da Amurka, suna son wurin rawa. Wani sajen Sikotlan mai busa saksofon, ana ce masa Jack Leopard, ya haɗa ƙungiya da 'yan ƙasa a 1940, cikinsu akwai saurayi E.T. Mensah. Bayan yaƙi Mensah ya karɓi ragamar Tempos, wadda ita ma don nishaɗin sojoji aka kafa ta, ya rage suwing ya ƙara gangunan gida da salon kalifso na Karibiyan. Hailaif ɗin gidajen rawa da ya mamaye Gana da Najeriya a shekarun 1950 daga nan ya fito. Bobby Benson a Legas ma da suwing ya fara.

Mu kuma ranar tunawarmu 28 ga Fabrairu ce. A 1948 tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, suka yi maci zuwa fadar gwamna neman abin da aka yi musu alkawari, aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Duk shekara ana zuwa mahaɗar titin da abin ya faru, begila da furanni. Ba a rawa.

Baban Ilham:
To ai kakan nawa mai son dambe ya yi yaƙin Bama. Lambobinsa a gwangwanin taba yake ajiye su, naɗe da tsumma, da wata takardar sallama da ta yi laushi saboda ninkewa. Bai taɓa ambaton wani Miller ba. Abin da yake ba mu labari shi ne kaya a ka, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, matsattsaku a ƙafa, da abokinsa da suka binne a bakin kogi ba likkafani. In ya tuna shi, waƙar da suke yi a bakin aiki yake rerawa ƙasa-ƙasa, da Hausa, sannan ya yi masa addu'a.

Saje Mai Begila:
Allah ya jiƙansa, ya jiƙan abokin nasa. Baban Ilham, ka ga kai ma ka kawo amsar rabin tambayarka. Da waƙar da suka yi tare yake tuna shi.

Baban Ilham:
Rabi dai, Saje. Shi kaɗai yake yi a zaure, ba a sayar da tikiti, kuma ba ya tashi ya taka.

Maman Sadiq:
Kuma bambancin ba na al'ada kaɗai ba ne, har da na adana abu. Daga 1943 gwamnatin Amurka ta riƙa buga wa sojojinta faifan garmaho na musamman, manya, kowane gefe kusan minti shida, da wani roba da ba ya saurin fashewa, ana aikawa fagen daga cikin akwati har da allurai. A lokacin ma ƙungiyar makaɗan ƙasar na yajin naɗar faifai tun 1942, amma ta ɗaga ƙafa saboda sojoji. Da yaƙi ya ƙare manyan ƙungiyoyin suka durƙushe, ga haraji mai nauyi a kan gidajen rawa, ga tsadar ciyar da mutum goma sha bakwai a hanya. A ƙarshen 1946 na Goodman, Harry James, Woody Herman da Tommy Dorsey duk suka watse. Shi ya sa kiɗan ya tsaya cak a shekarun yaƙi, da an ji shi sai a tuna lokacin. Sojan saman Amurka kuma suka kafa ƙungiya a 1950 don ci gaba da salon Miller, tana nan har gobe. Waƙoƙin su kakanka, wa ya naɗa?

Saje Mai Begila:
Abin da ya rage mana sunayen bariki ne. Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung, Arakan da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan. Duk daga yaƙin Bama suke, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japan. Na sha tambayar kurata ma'anar sunan barikin da suke kwana a ciki, sai su yi ta kallona.

Auta:
Wallahi Baba Saje ni na ɗauka Dalet sunan wani Bature ne. To me zai hana 'yan badujala su nemo waƙoƙin nan su riƙa busawa ranar 15 ga Janairu?

Almajirin Malam:
Ka ga irinta ko? Daga tambaya an fara shirin biki.

Saje Mai Begila:
Malam, kwantar da hankalinka, ba a kai nan ba. Auta, ko an so yi, masu waƙar kusan duk sun tafi. Sai dai a bi 'ya'yansu da jikoki irin su Baban Ilham a naɗi abin da suka riƙe, ko baiti biyu ne.

Baban Ilham:
Ina iya tuna amshin, sauran ya ɓace. Gwaggona na Zariya ta fi ni riƙewa, zan tambaye ta. Amma Bakano, abokin kakan nan nawa, akwai inda za a ga sunansa?

Bakano a Turai:
Akwai yiwuwa. Waɗanda suka faɗi a Bama ba a san kabarinsu ba, an rubuta su a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, sunaye kusan 27,000, da 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa jerin a intanet, kyauta ake dubawa. Sai dai ka sani, yawancin mutanenmu da sunansu da sunan garinsu aka ɗauke su, kuma yadda kunnen Bature ya ji haka ya rubuta, don haka za ka tarar da masu suna iri ɗaya rututu. Duba takardar sallamar kakanka ka ga bataliyarsa da lambarsa, in tare aka ɗauke su lambobinsu ba za su yi nisa da juna ba. Ɗauki hotonta ka turo mini ta akwatin sirri, in na tashi daga aiki sai mu duba tare.